Shin ya dace in gwada sigar RC ta manhaja, alhali kwamfutar aiki kaɗai nake da ita?

Wani mai karatu daga Gusau ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ne nake kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a nan Gusau. Da LibreOffice muke buga takardun jarrabawa da sakamakon ɗalibai, shafin makarantar na intanet yana kan WordPress, sannan akwai wata 'yar manhajar lissafin kuɗin makaranta da na rubuta da Python. Nakan ga sanarwa cewa an fitar da sigar RC, ana roƙon jama'a su gwada. Mene ne bambancinta da sigar da muka saba saukewa? Akwai hatsari idan na ɗora ta? Kuma mutum irina, wanda ba shi da wata kwamfuta ta daban, ga tsadar data ga ɗauke wuta, yana da abin da zai ƙarar da waɗannan manyan ayyuka?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: matsayin sigar RC (release candidate, wato sigar gwaji ta ƙarshe gab da fitowa) a cikin tafiyar manhaja, yadda za ka taɓa ta ba tare da ka jefa aikin makarantarku cikin matsala ba, da kuma ko gwajin da aka yi a Gusau yana da wani nauyi a wurin masu rubuta manhajar. Ta ukun ce ta fi muhimmanci a wurina, kuma amsarta ita ce yana da nauyi, domin yanayin da kake ɗauka naƙasu ne shi ne ainihin abin da masu manhajar ba su da shi a gabansu.

Matsayin sigar RC

Manhaja mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda kowa yake iya ganin rubutunta ya kuma taimaka wajen gyara ta, ba ta fitowa rana ɗaya. Da farko akwai matakin alfa, inda ake ta zuba sababbin abubuwa, komai na iya canzawa daga mako zuwa mako. Sai matakin beta, inda yawanci ake rufe ƙofar ƙara sabon abu, a koma gyaran abin da aka riga aka saka. Daga nan sai RC, wato sigar da masu aikin suke cewa a ganinsu ta kammala, kuma idan ba a gano wata babbar tangarɗa ba, ita za a fitar wa duniya, ko dai yadda take ko da ɗan gyara kaɗan. Ta yi kama da ranar da tela ya kira ka ka gwada kayan Sallah: zai rage hannu ko ya saki wuya idan ya matse, amma ba ranar canza yadi ko sake fasalin ɗinki ba ce. Wanda ya zo a wannan mataki yana neman a ƙara masa sabon maɓalli ko sabon salo, za a ce masa ya jira zagaye na gaba, kuma ba wulaƙanci ba ne.

Kowane aiki da tsarinsa. A ƙwayar Linux, wato zuciyar tsarin Linux da ake tafiyar da kwamfuta da shi, bayan kowace fitowa akan buɗe makonni biyu na karɓar sababbin canje-canje, sannan jagoran aikin, Linus Torvalds, ya fitar da rc1, ya ci gaba da fitar da sabuwa kowane mako, galibi ranar Lahadi, har zuwa rc7, wani lokaci rc8 idan abubuwa ba su lafa ba. Python kuwa tun daga siga ta 3.9 a 2020 ta koma fitar da babbar siga sau ɗaya a shekara, a watan Oktoba. Beta ta farko takan fito a Mayu, kuma akan tsara RC guda biyu a watannin ƙarshe kafin fitowar. LibreOffice tana fitar da babbar siga sau biyu a shekara, a Fabrairu da Agusta, shi ya sa tun 2024 ake kiran su da shekara da wata, kamar 24.2 da 24.8. A WordPress, fitowar RC ta farko tana nufin an daina taɓa kalmomin da ke bayyana a fuskar manhajar, domin masu fassara zuwa wasu harsuna su samu damar kammala aikinsu. Gidauniyar Apache, mai kula da manhajoji masu buɗaɗɗen tushe da yawa, ita ma tana da nata tsarin: ana ɗora sigar a gaban jama'a, a buɗe ƙuri'a na aƙalla awa 72, kuma ba za a fitar da ita ba sai an samu amincewar aƙalla mutum uku daga cikin kwamitin da ke kula da aikin, tare da rinjayen masu amincewa a kan masu ƙi.

Kada ka ɗauka wannan mataki al'ada ce kawai da ake yi don cika sharaɗi. An tsara fitar da Python 3.13 ranar 1 ga Oktoba, 2024, amma a wannan rana sai aka fitar da RC ta uku, wadda ba ta cikin jadawali tun farko, saboda an gano cewa sabon tsarin share tarkacen ƙwaƙwalwa da aka saka yana jawo nawa sosai a wasu nau'o'in aiki. Aka cire shi, aka dawo da tsohon, sannan sigar ta fito ranar 7 ga wata. Wani misalin, ko da yake ba a kan sigar RC kai tsaye ya faru ba, shi ne na xz, ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace kwamfutar Linux take ɗauke da ita. A watan Maris na 2024, Andres Freund, ɗaya daga cikin masu aikin manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, yana amfani da reshen gwaji na Debian, wani nau'in Linux, sai ya lura cewa shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar SSH yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Da ya bi diddigi, ya tarar an dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa da gangan a sigogin 5.6.0 da 5.6.1. An kama abin tun bai shiga tabbatattun sigogin manyan nau'o'in Linux irin su Debian da Ubuntu da Red Hat ba, domin wani yana zaune a kan sigar gwaji kuma bai yi shiru a kan ɗan abin da ya ga ya saɓa ba.

Abin da Gusau take da shi wanda masu manhaja ba su da shi

Manyan ayyuka suna da dubban gwaje-gwajen da na'ura take yi da kanta duk lokacin da aka taɓa rubutun manhajar. Sai dai waɗannan gwaje-gwaje suna duba abin da wani ya riga ya yi tunanin zai iya lalacewa ne kawai, kuma suna gudana a kan kwamfutoci masu ƙarfi, da wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet mai sauri, da bayanan misali waɗanda akasarinsu da Turanci aka rubuta. Abin da ba wanda ya yi tunaninsa, sai mai amfani na gaskiya ne yake cin karo da shi.

Fara da haruffanmu. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna cikin Unicode, tsarin da kwamfutoci suke gane haruffan harsunan duniya da shi, da daɗewa, amma ba sa cikin rukunin haruffan Yammacin Turai da tsofaffin tsare-tsare suka ginu a kai, don haka su ne na farkon lalacewa idan an canza yadda manhaja take adana rubutu, ko take bincike, ko take jera sunaye. Ka rubuta Ƙaura Namoda da Bunguɗu a cikin takarda, ka mayar da ita PDF, ka buga a firinta, ka nemi kalmar da ƙaramin baƙi ka ga ko za a samo wadda ta fara da babba, ka jera sunayen ɗalibai ka ga inda Ɗahiru ya faɗa. Sai sunaye masu alamar hamza, irin su Asma'u da Sa'adatu da Mas'ud. Wannan 'yar alama ta daɗe tana rikita fom da rumbun bayanai, kuma tana zuwa kala biyu, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, ta yadda sunan da aka shigar daga waya zai iya ƙin haɗuwa da wanda aka buga a kwamfuta. Na taɓa gwada sigar gab da fitowa ta wata manhajar rajistar ɗalibai, inda sabon akwatin bincike yake yanke suna daidai kan hamza, ya ɗauki Asma'u a matsayin kalma biyu, alhali tsohuwar sigar ba ta yin haka. Masu aikin sun gyara shi kafin fitowar, kuma ba don sakaci ba ne suka rasa ganinsa, babu irin wannan suna ne a cikin bayanan gwajinsu.

Idan makarantarku tana da ɓangaren Islamiyya, kana da wani abin gwaji mai daraja: takardar jarrabawa mai haɗa Larabci ko ajami da boko a layi ɗaya, mai wasulla, mai lambobin tambaya, inda rubutu yake tafiya daga dama zuwa hagu sannan ya juya. Irin wannan takarda takan fallasa tangarɗar da mai rubutu da harshe ɗaya ba zai taɓa gani ba. Haka alamar naira a cikin jadawalin lissafi, da tsarin kwanan wata da muke fara shi da rana kafin wata.

Ɗauke wutar da ka ambata ma abin gwaji ne. LibreOffice tana da tsarin dawo da takardar da ba a adana ba idan kwamfuta ta mutu bagatatan, kuma kai ne mutumin da ya fi kowa sanin ko yana aiki. Haka WordPress a kan sabis mai yankewa: me yake faruwa idan netwok ya tsinke ana tsaka da ɗora hoto ko adana rubutu? Tsohuwar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar gigabait 4 za ta nuna maka nauyin da aka ƙara wa manhaja tun kafin mai sabuwar kwamfuta ya ji komai, kuma tsohuwar firintar da ke ofishinku wataƙila babu irinta a hannun ko ɗaya daga cikin masu aikin.

Yadda za ka gwada ba tare da ka taɓa aikin makaranta ba

Ƙa'idar ba ta da sassauci: sigar RC ba ta hawa kan abin da makaranta take dogaro da shi, kuma ba ta taɓa asalin bayanai, sai kwafinsu. Dalili shi ne wasu canje-canjen ba sa komawa baya cikin sauƙi. Sabuwar siga tana iya sauya fasalin rumbun bayanai ta yadda tsohuwar ba za ta ƙara fahimtarsa daidai ba, kuma a ranar da hakan ta faru, kwafin ajiya ne kaɗai zai cece ka. Amma wannan ba ya nufin sai ka sayi wata kwamfuta.

Python ce ta fi sauƙi, kuma da ita nake ba ka shawarar farawa. Ana iya girka sigogi da dama gefe da gefe a kwamfuta ɗaya, sai ka yi amfani da kayan aikin Python da ake kira venv ka keɓe wa manhajarka wani ɗaki na daban a ƙarƙashin sabuwar sigar, ka kwafo bayanan bara, ka bi ayyukan da ka saba: shigar da biya, fitar da rasit, lissafin bashin zango. Idan kana son gwada sigar gab da fitowa ta wani ƙunshin shirye-shirye (library) da manhajarka ta dogara da shi, kamar Django, umarnin pip da ake girka irin waɗannan da shi yana da zaɓin --pre don haka. Ka kunna gargaɗin da Python take bayarwa a kan abubuwan da za a daina amfani da su, domin yawancin abin da za ka gano ba kuskuren Python ba ne, manhajarka ce take jingine da abin da aka cire. An cire sashen Python mai suna distutils a siga ta 3.12, an cire cgi da telnetlib da wasu tsofaffin sassa a 3.13, kuma wanda ya gwada da wuri ya samu watanni na gyara a natse. Wannan riba taka ce kai kaɗai, ko da ba ka aika wa kowa rahoto ba.

A WordPress, ka kwafi shafin makarantar da rumbun bayanansa zuwa kwamfutarka ta amfani da wani abu irin XAMPP, manhajar da take gudanar da shafin intanet a cikin kwamfutarka, sannan a kan kwafin ka saka ƙarin (plugin) da ake kira WordPress Beta Tester, wanda zai ba ka damar hawa sigar RC. Abin dubawa a nan shi ne jigon shafinku da ƙare-ƙaren da kuka saka, musamman na fom da na biyan kuɗi, domin a nan ne saɓani ya fi aukuwa. Idan matsalar ta ɓace da ka kashe wani ƙari, to mai wannan ƙarin ya kamata ka fara sanarwa.

LibreOffice ce take buƙatar taka-tsantsan, domin saɓanin sigoginta na alfa da beta da suke zama a gefe, sigar RC takan maye gurbin wadda ke kan kwamfutar idan ka girka ta yadda aka saba. Mafita ita ce ka bi hanyar girkawa gefe da gefe da aka bayyana a shafin Document Foundation, gidauniyar da take kula da LibreOffice, ka ba ta ma'ajiyar saituna ta daban, ko kuma ka gina kwamfuta a cikin kwamfuta da VirtualBox idan ƙwaƙwalwar na'urarka za ta ɗauka. Fayil ɗinta na Windows ya haura megabait 300, don haka ka sauke shi sau ɗaya da datar dare, ka duba lambar tantancewarsa ta SHA-256 ka tabbatar bai yanke a hanya ba, sannan ka raba wa abokan aiki a filashi. Fayil ɗin da ya sauka rabi-rabi yakan haifar da matsalar da mutum zai ɗora wa manhaja alhali ba laifinta ba ne. Ka kuma lura da lokaci: gwajin sigar Agusta yakan faɗo a watan Yuli, lokacin da makarantu da yawa suke cikin hidimar jarrabawar zango na uku, saboda haka zagayen Fabrairu zai fi maka sauƙi.

Ƙwayar Linux kuwa ban ba ka shawarar taɓa RC ɗinta a kwamfutar aiki ba. Tangarɗa a wannan mataki tana iya hana kwamfuta tashi ko ta ɓata abin da ke kan faifai, kuma amfanin gwajin ya fi fitowa ne a kan ainihin na'ura, wadda ba ka da ta biyu.

Rahoton da ake karantawa

A nan ne yawancin masu niyyar alheri suke tuntuɓe. Kafin ka rubuta komai, ka maimaita matakan nan a kan tsohuwar siga. Idan matsalar tana can ma, tsohon kuskure ne, kuma ko da yake ya cancanci rahoto, ba zai tsayar da fitowar ba. Idan kuwa tsohuwar tana aiki daidai, sabuwar ce ta lalace, to ka samo koma-baya, wanda shi ne ainihin abin da ake nema a wannan mataki, kuma ya kamata ka faɗi haka a layin farko tare da lambar sigar ƙarshe da ka san tana aiki. Wannan bayani yana ba masu aikin damar rarraba canje-canjen da ke tsakanin sigogin biyu gida biyu-biyu har su kai ga wanda ya jawo matsalar, kuma ta wannan hanya canji 1000 ba ya buƙatar fiye da gwaji kamar 10.

Sai ka rage misalinka iya raguwa. Idan takardar shafi 40 ce ta rikice, ka yi ta cire sassa har ka kai ga ɗan sakin layin da yake nuna matsalar. Ka cire zargi daga abubuwan gefe: harafin ƙ da ya fito a matsayin akwati sau da yawa laifin salon rubutun da aka zaɓa ne, wanda ba shi da harafin, don haka ka gwada da wani salon kafin ka kai ƙara. Ka bincika ko wani ya riga ka, idan ya riga ka sai ka ƙara bayaninka a ƙarƙashin nasa. LibreOffice tana karɓar rahoto a shafinta na Bugzilla, WordPress a shafinta na Trac, Python kuwa ta koma shafin GitHub tun 2022. A cikin rahoton ka rubuta cikakkiyar lambar siga, da irin kwamfuta da tsarin da take gudana a kai, da matakan da ka bi ɗaya bayan ɗaya, da abin da ka sa ran gani, da abin da ka gani. Turanci mai sauƙi ya wadatar, yawancin masu karantawar ma ba harshensu na gida ba ne. Idan batun haruffanmu ne, ka bayyana cewa na Hausa ne, ka manna su a cikin rubutun domin su kwafa, tunda babu su a allon bugawarsu.

Abu biyu ba a wasa da su. Na farko, kada sunan ɗalibi ko makinsa ko lambar wayar iyayensa su shiga fayil ɗin da za ka ɗora, domin waɗannan shafuka a buɗe suke ga kowa kuma abin da aka ɗora yakan daɗe, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 da ta hau kan makarantarku. Ka ƙirƙiri sunayen bogi masu irin haruffan. Na biyu, idan abin da ka gano yana ba wani damar shiga inda bai kamata ba, kada ka rubuta shi a fili, kowane ɗayan ayyukan nan uku yana da hanyar sirri ta kai rahoton tsaro. Bayan ka aika, ka riƙa leƙawa, domin za a iya yi maka tambaya, kuma rahoton da mai shi ya ɓace yakan ƙare a rufe. Idan an ce an gyara a RC ta gaba, ka gwada ka tabbatar musu.

Inda shawarar take tsayawa

Ba kowane rahoto ne ake gyarawa kafin fitowa ba. Masu aikin, waɗanda da yawansu 'yan sa-kai ne, suna auna yawan mutanen da abin ya shafa da hatsarin taɓa manhajar a ƙurarren lokaci, kuma suna iya ɗage naka zuwa ƙaramar siga ta gaba. Haka nan, wucewar RC a gwajinka ba ta zama izinin ɗora sabuwar siga a kwamfutocin makaranta ranar da ta fito ba. Ni a aikina da ƙananan makarantu da ofisoshi nakan raba abubuwan biyu: in gwada da wuri a kan kwafi, amma in jinkirta ɗorawa a kan na'urorin aiki har sai ƙaramar sigar gyara ta farko ko ta biyu ta fito, kuma in yi shi a lokacin hutu, da kwafin ajiya a hannu. WordPress ce kaɗai nake sassauta wa wannan jinkiri, domin shafin da ke fuskantar intanet ba ya jure zama ba tare da gyaran tsaro ba.

Duk abin da na faɗa ya shafi na'urorin da kake da iko a kansu ne. Idan wata rana aiki ya kai ka ga tsarin da hukuma take gudanarwa, kamar DHIS2 da ake tattara bayanan lafiya da shi a Najeriya, sauya siga ba hukuncin mai kula da kwamfuta ɗaya ba ne, sai ka bi ta hannun masu tsarin. A makarantarku ma ya kyautu ka sanar da shugaban makarantar cewa za ka kwafi bayanai don gwaji, ka faɗa masa a wace na'ura za su zauna, kuma ka goge kwafin da zarar ka kammala.